Gansakuka da Fosfet: Takin da Ya Ɓata Hanya a Ƙasar Gumel

Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ba su da kogin da ke gudana rani da damina. Ruwan da ido ke gani a fili shi ne wanda sama ta zubo a 'yan watannin damina ya taru a tafkuna da kududdufai, saura kuwa sai rijiya da burtsatse. Shi ya sa duk ruwan da ya kwanta a wannan yanki yake da daraja. Makiyayi zai shayar, magini zai kwaɓa ƙasa, mai wanki zai yi wankinsa, yara su yi iyo. Daga Ɗanzomo har Galadi da wuya ka ga garin da ba shi da nasa kududdufin, domin ƙasar da aka gina gidaje da ita daga nan aka haƙo ta.

Da an ɗauke ruwa an shiga kaka sai launin ya fara juyawa. Ruwan da yake ja saboda ƙasa ya kwanta ya yi garau na ɗan lokaci, daga nan kore ya hau kansa. In iska ta kaɗa sai ta tara koren a gefe guda, ya yi kauri, gefensa ya bushe ya zama ɓawo mai shuɗi-shuɗi, wari ya fara tashi. Yaron da ya koro awaki yakan sa sandarsa ya ture saman kafin su kafa baki, amma duk da haka sai ka ga sun ɗago da kore a leɓe. Mutane su ce ruwan ya lalace, gansakuka ta cinye shi, a bar maganar nan har wata shekara.

Ni kuwa ina ganin bai kamata a bar ta nan ba. Gansakuka tsiro ce, kuma abu uku take bukata: haske, ɗumi da abinci. Rana da zafi ba a hannunmu suke ba, Allah Ya wadata mu da su. Abincin ne muke kai mata da hannunmu, kuma mafi muhimmanci a cikinsa shi ne fosfet, sinadarin nan da manomi ke saye da tsada a buhun sufa da kamfa. Abin da gonarmu ke kukan rashinsa shi ne ya yi wa kududdufinmu yawa.

Mutanen da suka fi kowa sa ido a kan wannan al'amari a ƙaramin wuri su ne masu kiwon murjani a tankin gilashi, a Turai da Amurka da ƙasashen Asiya. Sukan haɗa ruwan teku da kansu, gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, su jera duwatsun da murjani mai rai ke manne da su, su saki kifaye masu launi. Murjani dabba ce, kuma a cikin tsokarta akwai wata ƙanƙanuwar gansakuka da ke yi mata abinci da hasken rana. A teku inda ruwa ke da ƙarancin taki take rayuwa, saboda haka mai tanki yakan yi ƙoƙari ya riƙe fosfet tsakanin miligiram 0.03 zuwa 0.1 a lita. A tanki mai cin lita 1,000 wannan bai wuce kashi ɗaya cikin goma na giram guda ba. Da ya haura sosai sai gansakuka mai kama da gashi ta lulluɓe duwatsun, ta tare wa murjani haske, ginin ƙashinsa kuma ya yi rauni.

Abin lura a aikinsu shi ne, ƙwararru a cikinsu ba su cika neman maganin kashe gansakuka ba. Lissafin shige da fice suke yi. Ruwan da za su zuba sai sun tace shi tas, abincin kifi kuma ɗan kaɗan suke bayarwa, wanda za a cinye nan take. Akwai na'urar da ke tayar da kumfa ta kwashe datti kafin ya ruɓe, akwai garin tsatsar ƙarfe da ake ratsa ruwa ta cikinsa ya kama fosfet. Wasu sukan haɗa ƙaramin tanki na biyu su shuka ciyawar teku da gangan, in ta yi yawa su tsige su zubar, ta tafi da takin da ta sha. Sukan saki dodon koɗi da kifaye masu kiwo su riƙa kalace duwatsu, kuma duk mako su canza wajen kashi goma cikin ɗari na ruwan.

Darussa biyu suka koya da wahala, kuma dukansu sun shafe mu. Na farko, dutse da yashin da ke ƙasan tanki suna shanye fosfet su ɓoye, sai bayan an tsabtace ruwan su riƙa sako shi a hankali har watanni. Na biyu, wanda ya matsa har fosfet ya ƙare ƙaf shi ma ya yi ɓarna, domin murjani zai koɗe don yunwa, wasu miyagun ƙwayoyi kuma su sami fili. Ana neman daidaito ne, ba a neman sifili.

A teku ma haka abin yake. A gaɓar Kaneohe ta tsibiran Hawai an yi shekaru ana zuba ruwan masai na gari, har wata koriyar gansakuka ta danne murjani. Da aka karkatar da bututun a 1977 da 1978, ruwan ya washe, murjani ya fara farfaɗowa. A Jamaika kuma ta ɗaya ɓangaren aka ga abin: an kame kifaye masu kiwo, sannan annoba ta kashe wata halitta mai ƙaya da ke cin gansakuka a 1983 zuwa 1984. Murjanin da ya rufe kusan rabin duwatsun gaɓar a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi biyar cikin ɗari a farkon shekarun 1990.

Hujjar da ta fi ƙarfi game da ruwan daɗi daga Kanada ta fito. A 1973 masanin tafkuna David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki mai lamba 226 a lardin Ontariyo gida biyu da labulen roba. Suka zuba kabon da naitirojin a kowane ɓangare, amma ɓangare ɗaya kawai suka ƙara wa fosfet. Wancan ɓangaren ya rikiɗe ya zama kore shar, ɗayan ya zauna yadda yake. Hoton da aka ɗauka daga sama ya taimaka wajen sa gwamnatoci su taƙaita fosfet a sabulun wanki da ruwan masai. Masana kan ƙiyasta cewa kilo ɗaya na fosfaras, sinadarin da ke cikin fosfet, zai iya tayar da ɗanyar gansakuka har kilo 500. Dalilin da ya sa aka fi kama fosfet a kan naitirojin kuwa shi ne, wasu ire-iren gansakuka suna iya jawo naitirojin daga iska, amma fosfet ba ya cikin iska, sai an kawo shi.

To wa ke kawo shi kududdufin garinmu? Kwatami da magudanar gidaje duk can suka nufa. Ɗan Adam kan fitar da fosfaras fiye da giram ɗaya a kullum, mafi yawa ta fitsari, kuma daga fitsarin ne ma Hennig Brand ya fara gano sinadarin a birnin Hambug a 1669. Ga jujin da ake tarawa a bakin ruwa, ga toka, ga wasu nau'o'in garin sabulu, ga bahaya a fili wanda ruwan farko ke wankewa ya gangara da shi. Ga kuma dabbobi. Duk wanda ya san karar Maigatari ranar Alhamis, inda shanu da raƙuma da tumaki ke shigowa daga Damagaram da sauran sassan Nijar, ya san irin kashin da ke taruwa a mako guda. Wanda ba a kwashe aka kai gona ba, damina za ta kai shi kwari. A tafkin daji kuwa shanu kan shiga har gwiwa, su sha su yi kashi a wuri guda, kofatonsu na dama laka. Rani na ci gaba ruwa na ƙafewa, shi kuwa takin ba ya bin tururi, sai ƙara kauri yake a ɗan ruwan da ya rage.

Akwai ma wanda ke saukowa daga sama. Ƙurar hunturu da ke rufe mana gari, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, tsohon gindin babban tafkin Chadi ne, kuma farar ƙasarsa gawar gansakukar zamanin da ce. Wani bincike na 2015 ya ƙiyasta cewa ƙurar Sahara na kai wa dajin Amazon fosfaras kimanin tan 22,000 a shekara. Mu da muke bakin hanya muna samun rabonmu a gona, haka ma a duk tankin da aka bari a buɗe.

Masu kiwon kifi a tankin kankare ko na tamfal su ne suka fi kusa da halin mai tankin murjani, kuma su ne asarar ta fi saurin samu. Abincin kifi na buhu yana ɗauke da fosfaras wajen kashi ɗaya cikin ɗari, kifi kuma bai cika riƙe fiye da sulusinsa a jiki ba, saura yana komawa ruwa. Da rana gansakuka na zuba oksijin a ruwa har ya wadata. Da dare sai ta juya tana shaƙa tare da kifin da ƙwayoyin da ke ruɓar da datti. Je ka tsaya bakin irin wannan tanki da asuba a watan Afrilu, kafin gari ya waye sosai. Za ka ga karfasa sun taso sun jeru a sama, baki buɗe, suna haɗiyar fatar ruwa, ko ka tafa hannu ba su nutse da sauri ba. Tarwaɗa tana da gaɓar shaƙar iska, don haka takan jure, amma za ka ga ta rage cin abinci, girmanta ya tsaya. Zafi na ƙara tsananta abin, domin ruwa mai digiri 20 na riƙe oksijin kimanin miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa bai wuce 7.5 ba. In aka yi kwana biyu ana hazo, gansakukar ta mutu gaba ɗaya ta ruɓe, sai a wayi gari kifi ya juya ciki sama.

Wannan ba ya nufin kore duka sharri ne. Ɗan kore mai sauƙi abincin karfasa ne, yana kuma yi wa 'ya'yan kifi inuwa. Gwajin da malaman gona ke koyarwa ba ya bukatar kuɗi: tsoma hannu a ruwa har gwiwar hannu. In kana hango tafinka dishi-dishi, ruwan ya yi daidai. In ya ɓace tun kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, kore ya yi yawa, a rage abinci a canza wani kaso na ruwan.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne maganar guba, domin ba a cika yin ta a wajenmu ba. Wannan kore mai kama da fenti da ke yawo a saman ruwa galibi ƙwayoyin bakteriya ne masu launin kore da shuɗi, kuma wasunsu na fitar da dafi mai lalata hanta ko jijiya. Tun 1878 George Francis ya rubuta labarin dabbobin da suka mutu bayan sun sha ruwan tafkin Alekzandirina a Ostareliya. A 1996 a garin Karuwaru na Burazil masu wankin ƙoda fiye da 50 suka rasu saboda ruwan da aka yi musu aiki da shi na ɗauke da wannan dafi. A watan Agustan 2014 an hana mutum wajen 400,000 shan ruwan famfo na kusan kwana uku a birnin Toledo na Amurka. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, hukumomin ƙasar suka ɗora alhakin a kan irin wannan guba a wuraren shan ruwansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar mikrogiram ɗaya a lita ga mafi shaharar dafin a ruwan sha na yau da kullum. Tafasa ruwa ba ta kashe shi. Idan akuya ko saniya ta sha daga gefen da iska ta tara kore, ta kama rawar jiki ko gudawa ko ta faɗi, ya kamata wannan ya shiga cikin abin da makiyayi da likitan dabbobi za su zarga.

Ido kaɗai ba ya tabbatar da guba, sai ɗakin gwaji, amma akwai alama. Tsoma kara a cikin koren ka ɗago. In ya fito da zare-zare na reto, wannan gansakuka ce ta yau da kullum. In ya fito kamar an shafa masa fenti, a yi hattara. Ko ka ɗebi ruwan a kwalba ka ajiye a inuwa ya kwana: in koren ya kwanta a ƙasa da sauƙi, in ya taso ya yi zobe a sama, a nisanta dabbobi da yara. A cikin dangin nan kuma akwai na kirki, domin matan Kanembu na Chadi sun daɗe suna kwasar wani irinsa a tafkunan kanwa, su shanya a yashi su yi miya da shi, shi ne duniya ke saye yau da sunan sifirulina.

Game da magani, ra'ayina a bayyane yake. Zuba sinadarin jan ƙarfe mai launin shuɗi don kashe gansakuka shi ne mafi munin zaɓi a wurin da dabbobi ke sha. Ƙwayoyin in sun fashe dafinsu na fita cikin ruwa, gawarsu na cinye oksijin, fosfet ɗin da ke jikinsu kuma yana komawa inda ya fito ya jira wani zagaye. Ga shi tumaki ba sa jure yawan jan ƙarfe. Mai yin haka kamar mai share tururuwa ne ya bar sukari a zube. Alif, wanda muka saba kwantar da ruwa da shi, yana kama fosfet ya kai shi ƙasa, har manyan tafkuna ake yi wa haka a wasu ƙasashe, sai dai yana sa ruwa tsami, kuma in aka zarce zai kashe kifi. Tankin ruwan sha na burtsatse kuwa maganarsa gajeriya ce: a rufe shi ruf, a zaɓi mai duhu wanda haske ba ya ratsawa, a riƙa wanke shi.

Dabarar tanki na biyu da masu murjani ke yi, muna da irinta a gida. Kainuwa dashen Allah tana shan taki da sauri, in aka killace ta a kusurwa guda da gora ana kwashewa a kai a kai ana kai wa ramin taki, kowane kwando ya fita da nasa kason fosfet. Sharaɗin shi ne kwashewar. In aka bar ta ta rufe ruwa ta mutu a ciki, an koma gidan jiya, saiwarta kuma mafakar wani irin sauro ce. Maƙwabtanmu na Haɗejiya sun ga abin da tsiron ruwa ke yi in ya fi ƙarfin masu yankansa. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani yadda ya saba, kacala ta mamaye hanyoyin ruwa da gonaki, ta zama masaukin jan-baki.

Yanzu a juya a dubi gona. Ƙasar jigawa mai yashi irin ta Gumel da Sule Tankarkar tana cikin mafi ƙarancin fosfaras a duniya. Binciken da aka yi shekara da shekaru a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai ya nuna cewa a irin wannan ƙasa rashin fosfaras kan riga komai tauye gero, har aka fito da dabarar sa ɗan taki a ramin shuka, kimanin giram 6 na kamfa, cikin murfin kwalbar lemo ke nan. Shi kuwa fosfet ɗin buhu daga nesa yake zuwa. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ajiyar dutsensa a duniya na hannun Maroko. Yarjejeniyar da aka ƙulla lokacin ziyarar Sarkin Maroko Muhammad na Shida zuwa Najeriya a Disambar 2016 ita ta haifar da shirin takin shugaban ƙasa, wanda gwamnan Jigawa na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, ya shugabanci kwamitinsa, aka sa buhu Naira 5,500. Manomi ya san inda farashin ya kai yau. Muna biyan kuɗin jirgin ruwa da tirela don kawo abin da ke kwance a gindin kududdufin bayan gidanmu.

Lakar nan ita ce ma'ajiyar, daidai da dutsen tankin murjani. Muddin akwai oksijin a ƙasan ruwa, ƙarfen da ke cikin laka na riƙe fosfet. Da oksijin ya ƙare sai ya sake shi, shi ya sa kududdufin da ya daɗe yana karɓar ƙazanta zai ci gaba da yin kore ko da an toshe kwatamin yau. A nan muna da sa'ar da masu tafkunan Turai ba su da ita: namu na bushewa da kansa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da gindin ya tsage, ana iya yashe baƙar lakar da ke sama a loda a amalanke ko mangala a kai gona, ramin ya ƙara zurfi ya riƙe ruwa mai yawa baɗi. Sai dai lakar cikin gari, inda ake zubar da batir da baƙin mai da bahaya, ba ta dace da latas ko tumatir ba. A bar ta ta sha rana sosai, a tsince tarkacen, a ba itatuwa. Ta tafkin daji da ta tankin kifi su ne na lambu da hatsi. Ruwan da mai kifi ke zubarwa a titi ma taki ne narkakke, kuma layin zogale ko ayaba ko alayyafo a bayan tanki zai shanye shi.

Saura kuma aikin hana shiga ne. A janye juji daga bakin ruwa. A dasa jema ko gamba a kewaye, domin fosfet galibi a jikin ƙwayar ƙasa yake tafiya, in ciyawa ta tare ƙasar ta tare shi. Inda hali ya yi a killace tafki a jawo ruwa zuwa kwami, dabbobi su sha a waje. Kashin kara a kwashe shi kafin ruwan farko. Duk wani babban aikin noman rani da za a kafa a yankin, irin gonar raken da aka daɗe ana magana a kai a Gagarawa, ya kamata tun a takarda a faɗi inda ruwan da ya wanke taki zai kwanta.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin mai unguwa da matasansa in ƙaramar hukuma ta ba da mota da shebur. Abin da zai ba aikin ƙafa shi ne awo. Ɗan kwalin gwajin fosfet da masu tankin kifi ke amfani da shi, wanda ake ɗiga magani a ruwa a gwada launinsa da kati, bai fi ƙarfin sashen gona na kowace ƙaramar hukuma ba. Ɗaliban kimiyya na Kwalejin Ilimi ta Gumel za su iya ɗaukar kududdufai goma ko ashirin a ƙananan hukumomin nan huɗu, su riƙa aunawa duk wata daga Satumba har ruwan ya ƙafe, su rubuta wanda aka yashe da wanda ba a yashe ba, da ranar da kore ya fara hawa kowannensu.